Maganin da Kaka Ya Ce Zai Jira

Duk gidanmu an san Kaka yana fama da fitsari, amma in ka tambayi kowa sai ya ce maka lafiyarsa ƙalau, tsufa ne kawai. Mutumin da ya shekara aru-aru a bencin gaba na dattawan ikilisiya, kusa da fasto har yana gyara masa aya in ya kuskure, rana ɗaya ya kwashi sandarsa ya koma bencin ƙarshe, dab da ƙofa. Da aka tambaye shi dalili ya ce iska yake so. Kafin a gama wa'azi ɗaya sai ya fita shan iskar nan ya fi a ƙirga, kuma iskar ba ta kaɗawa ko'ina sai bayan coci, wajen ban-ɗakin maza.

Kaka mahaifin babana ne, tsohon makanikin reluwe, kuma tun kafin a haifi Baba yake zaune a gidansa na Sabon Gari. Kakata ta daɗe da rasuwa. Baba ɗan fari ne, saboda haka tsakaninsu kunya ce irin ta mutanen da. Ban taɓa jin Kaka ya kama sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin Dogarawa", don a can muke da gida. In Baba ya je gaishe shi, tsugunawa yake yi a bakin ƙofa, wannan ya kalli bango wancan ya kalli ƙasa, su tambayi juna labarin ruwan sama, shi ke nan an yi zumunci. Irin wannan ɗa ne za a ce ya tambayi ubansa abin da ke faruwa a cikin wandonsa? Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke yi wa tsohon girki da wanki, don haka ta fi kowa sanin inda aka kwana, amma ita ma bakinta ba zai ɗauki maganar ba. Wata Lahadi bayan sujada ta gaji, ta ce da Baba a gabana, "Yaya, a tura masa matarsa kawai."

Matar ni ce. Ni ce babbar jikarsa mace, kuma tun ina rarrafe aka ɗaura mana auren wasa irin na kaka da jika. Shi ya ce mini amarya mai ƙona tuwo, ni in ce masa ango mai wawulo. Ina ƙwace masa hula, ina tsame naman miyarsa yana kallo. Ranar bikina na gaske ya tare mijina a bakin coci ya kira shi ɓarawo a gaban danginsa, kuma daga ranar sunan ya bi bawan Allahn nan. Abin da duk gidan ba wanda ya isa ya furta, ni in na faɗa sai a yi dariya a ce ai jika ce.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa Gwaggo ta zaɓe ni. Lokacin ina karatun babban digiri a Samaru, kuma aikina kaf a kan ciwon da muke zargi ne. Maza suna da wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin mafitsara, bai wuce goro ba, likitoci na ce masa furostet. In mutum ya manyanta yakan kumbura ya matse hanyar fitsari. Wani lokaci kumburin banza ne, wani lokaci kuwa kansa ce, wato ciwon daji. A ɗakin gwajinmu muna ƙoƙarin haɗa wani magani mai kai biyu. Kai ɗaya aikinsa farauta: in an yi allurarsa sai ya bi jini yana neman ƙwayoyin kansar, duk inda suka ɓuya, ko a cikin ƙashi ne, ya manne musu kamar kaska. Ɗaya kan yana ɗauke da sinadari mai fitar da radiyeshan, wato wani haske mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani. In mai sauƙi aka ɗora masa, sai na'ura ta ɗauki hoto a ga duk inda ciwon ya yaɗu. In mai zafi ne, ya ƙone ciwon a inda ya same shi. Irin wannan magani akwai shi a duniya, ana ma amfani da shi. Mu burinmu mu samo wanda za a iya haɗawa a nan gida ba sai an zauna jiran jirgin sama ba, domin sinadarin ba shi da haƙuri, tun daga lokacin da aka haɗa shi ƙarfinsa yake fara raguwa. Sai dai namu bai wuce kan ɓeraye ba. A wurin Kaka duk wannan dogon bayani fassararsa ɗaya ce: an kai matarsa jami'a ta koyo kiwon ɓera.

Na same shi da yamma a ƙofar gida suna buga dara da maƙwabcinsa, wani dattijo Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, wanda suka tsufa suna cutar juna a wasa.

"Papa, your wife don come," in ji maƙwabcin.

"Ta zo ta ga ko na mutu ne," Kaka ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Koma, da saurana."

Na zauna a bencinsa na ture shi da kafaɗa. Na ce, "Ango, an ce mini yanzu kai ne mai gadin ban-ɗakin coci. In ka tsaya yin fitsarin nan, zuwa yake yi da kansa ko sai ka roƙe shi?"

Nan take maƙwabcin ya tuna ya bar shago a buɗe. Ko takalminsa bai gama sawa ba ya yi gaba.

Kaka ya yi dariya har da tari. "Ji mara kunya! Ɓarawon can ne ya koya miki wannan?" Amma ya amsa. Da yake wasa ne, ba abin da ya ɓoye. Ya ce ɗis-ɗis yake zuwa kamar famfon unguwa, ya ce barcinsa ya zama na kaza, ya ce akwai ranar da ya ga jini ya ɗauka zoɓon da ya sha ne. Ina taya shi dariya ina lissafa alamomin a raina.

Gwajin jini bai ba ni wahala ba. Cewa na yi tsoron allura yake ji, shi da yake cika baki wai a zamaninsa da hannu ɗaya yake juya ƙarfen da mutum uku ke kasawa. Washegari ya saka babbar riga ya bi ni asibiti don kawai ya kunyata ni. Sakamakon bai yi kyau ba. Daga nan aka ɗebi ɗan nama aka gwada, kuma wannan kam ya daɗe bai yafe mini ba. Ya ce abin da aka yi masa a ɗakin nan ko a lahira ba zai ba da labarinsa ba. Likita ya tabbatar kansa ce. Ya ce abu na gaba shi ne a ɗauki hoto a ga ko ta fita daga mazauninta, a Abuja ake yin irin hoton, daga nan a fara magani ba ɓata lokaci.

A cikin Keke muna komawa gida nake ƙara masa bayani, don in rage masa tsoro. Na ce hoton ba wani abu ba ne, allura ce za a yi masa ta bi jini ta nemo ciwon, irin abin da nake haɗawa a Samaru.

Ya juyo gaba ɗaya. "Wato ke kina can kina dafa maganin ciwona?"

"Irinsa dai."

"To me zai kai ni Abuja? Mai mata ba ya cin tuwon kasuwa. Zan jira tukunyan matana."

Mai Keken ya ƙyalƙyale da dariya, ni ma na dara. Na ɗauka wasa ne, kuma ina jin shi ma da wasa ya fara. Amma kafin mu kai gida tsohon nan ya gane ya samu wurin ɓuya. Tsoro yake ji. Ya ga abokan aikinsa da aka kai manyan asibitoci suka dawo da robar fitsari a rataye, ya ga waɗanda ba su dawo ba. Ba zai taɓa cewa yana tsoro ba, amma cewa yana jiran girkin matarsa, wannan kam zai faɗe shi ko a gaban bishop.

A gaban ikilisiya ya fara faɗinsa. Lahadin da ta biyo baya, lokacin ba da shaida, ya taso daga bencin ƙarshe ya taka har gaba. Bai kama sunan ciwon ba. Cewa ya yi Ubangiji da ya san zai gwada shi da wata 'yar lalura, tun da wuri ya tura jikarsa Samaru ta ɗora tukunya, yanzu haka magani na kan wuta. Coci ta ɗauki Halleluya. Ni kuwa ina zaune cikin 'yan mawaƙa kamar in nutse. Kafin mako ya zagayo zumuntar mata sun saka ɓerayena a cikin addu'arsu. In na ratsa kasuwar Sabon Gari sai wata mama ta ƙwala mini kira daga bayan tiren tumatir, "'Yata, yaya jikin ɓerayen namu?" Dattawan da a da da ƙyar suke amsa gaisuwata suka riƙa tare ni a bayan coci, ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Kowannensu yana da wani aboki mai irin matsalar, yana so a tuna da abokin in magani ya nuna. Ban taɓa sanin dattawanmu suna da abokai marasa lafiya haka ba. Na riƙa ce musu su gaya wa abokin ya je gwajin jini, kuma daga baya na ga wasunsu a layin asibiti, sun zo riƙe wa abokin wuri.

Shi kuwa uban gayyar ya kafe kai da fata. Na zaunar da shi na ce maganin da ke kan ɓera kafin ya kai jikin mutum shekaru ne, wataƙila ma ba zai taɓa kaiwa ba. Ya ce girkin da ya daɗe a murhu shi ya fi nuna. Na ce ciwon nan ba ya jira. Ya ce wanda ya yi aikin reluwe ba a koya masa jira.

Da na ga haka na ɗauke shi na kai shi Samaru ya gani da idonsa. Ya sha kwalliya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ba a bar shi ya shiga ɗakin da muke taɓa sinadarin ba, ta gilashi ya leƙa, ya ga tubalan dalma da muke fakewa a bayansu, ya ce wannan murhun ya fi ƙarfin tuwo. Da aka nuna masa kejin ɓerayen sai ya cire hula ya gaishe su, "Sannunku, abokan wahala. Ku yi ku gama mu ma mu samu." Malamar da ke duba aikina, farfesa ce mai magana ɗaya, ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: kada ya jira mu, ya tafi inda ake da magani yau. Ya saurare ta da ladabi, ya yi godiya, ya sa mata albarka. Muna fita ya raɗa mini, "Uwar ɗakin nan naki tana da kirki, amma ba ta san hannunki ba."

A bakin titi muna jiran mota raina ya ɓaci. Na ce, "Kaka, za ka mutu fa."

Ya ce, "Na sani kin ƙosa ki ci gumba."

A nan na gane ramin da muka faɗa. Tun ina firamare nake gaya wa mutumin nan zai mutu. Kowace Kirsimeti sai na tambaye shi me yake jira har yanzu. Na daɗe da zaɓar zanen da zan ɗaura ranar jana'izarsa, na daɗe da gaya wa sauran jikoki rediyonsa tawa ce kada wanda ya taɓa. Haka jika take yi, shi kuma yana jin daɗin abin, don an ce ba'ar jika tsawon rai take ƙarawa. To ga shi yau ina faɗin maganar da gaske, shi kuma yana jin tsohuwar waƙar da ya saba ji. An zaɓi bakina don shi kaɗai zai iya furta maganar, ba wanda ya tuna cewa shi ne bakin da Kaka bai taɓa ɗauka da gaske ba. Wanda zai faɗa a yarda kuwa ba zai iya faɗa ba. Baba ya gwada sau ɗaya, in ba shi haƙƙinsa. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya ce, "An ce yanzu motocin Abuja suna da daɗin shiga." Kaka ya ce, "Haka aka ce." Suka koma labarin ruwan sama.

Ruwan ya sauka, Kaka ya fara ciwon baya. Gwaggo ta ce ba ya iya sunkuyawa ya sa takalmi, shi kuma ya ce sanyin damina ne. Ni na san inda kansar nan take fara sauka in ta bar gida, ƙashin baya da na ƙugu ne. Nakan shiga ban-ɗaki a Samaru in yi kuka in wanke fuska in koma aiki. Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, kuma ban san yadda Sabon Gari za ta kasance ba shi ba.

A wannan lokacin ne kuma na samu ciki, na fari, sabo fil. Daga mijina sai malamata suka sani, ita ma don dole, domin sai da ta cire ni daga ɗakin radiyeshan ta mayar da ni kan rubutu. A gida ban gaya wa kowa ba. Cikin fari ba a shelarsa, shi yake shelar kansa in lokaci ya yi. Balle Kaka, wanda in ya ji da safe, kafin rana ta faɗi zumuntar mata sun saka shi a addu'a tare da ɓeraye.

Abin da na yi daga nan ba dabara ba ce, kada a ba ni lambar yabo. Wasan ne kawai ya ƙare mini. Wata Asabar na je gidan, na tsaya a bakin ƙofarsa na rasa ba'ar da zan shiga da ita. Sai na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Ina wuni, Kaka. Yaya ƙarfin jiki?"

Ya leƙa bayana ya ga ko da baƙo na zo. Ba kowa.

Na kawo masa ruwa da hannu biyu. Gwaggo ta kawo tuwo, na gyara masa tabarma na koma gefe na zauna kamar suruka. Naman yana saman miya yana kallona. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ta wajena, yadda ko makaho zai iya ɗauka. Ban taɓa ba.

"Amarya, yau ɓarawon ya doke ki ne?"

"A'a, Kaka."

"Ɓerayen sun mutu?"

"Suna nan lafiya."

Ya ce na yi baƙi. Ya ce na rame don ban iya girki ba. Ya ce zai sake ni ya auri ƙanwata. Duk na ce to. Can ya ture kwanon, ya ɗaga murya, "Ke, wane ne ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa."

Na durƙusa na yi masa sai an jima, na fito. A bakin titi ji nake kamar na mari tsoho. Asabar ta gaba na koma na sake yin haka, wannan karon kam da niyya, kuma ta fi ta farko ciwo, don bai ma gwada tsokanata ba. Yana zaune ya ƙanƙance a cikin rigarsa, ya amsa gaisuwata yadda ake amsa ta baƙuwa.

Ba a yi kwanaki ba Gwaggo ta kira ni a waya. "Me kika yi wa tsohon nan? Ko abinci ba ya ci. Ya ce a gaya wa mutumin Dogarawa ya nemo mota." Kafin in yi murna ta ƙara da cewa akwai sharaɗi. Hoto kawai zai je, ba magani ba. Wai ko mai mata yana zuwa gidan mai hoto.

Mu uku muka tafi, ni da shi da Baba. Kafin mu wuce Kaduna na ce masa hularsa ta yi kama da murfin tukunya, sai ga fuskar tsoho ta washe kamar an biya fansho. Har Abuja bai rufe baki ba. Baba yana gaba kusa da direba, ya zuba wa hanya ido kamar shi aka ba gadinta.

A asibitin wata nas ta yi mana bayani. Za a yi masa allurar, ya zauna shi kaɗai ta bi jiki, ya sha ruwa da yawa, sannan ya kwanta a cikin na'ura. Ta ce radiyeshan ɗin kaɗan ne, kafin gobe ya bar jikinsa, amma sauran yinin nan ya yi nesa da ƙananan yara da mata masu ciki.

"Ni da masu ciki ai mun rabu tun kafin a haife ki," in ji Kaka.

Na san wannan doka tun kafin mu taso, ni nake koya wa ɗalibai ita. Shirina shi ne in lokacin fitowarsa ya yi in sulale in tafi nemo abinci, in bar shi da Baba. Sai aka gama da wuri. Ina tsaye a ƙarshen baranda wajen taga sai ga ƙofa ta buɗe, ya fito a duƙe. Kwanciya a kan tebur mai tauri ta tayar masa da ciwon bayan. Tun da bayan ya fara, kafaɗata ce sandarsa ta biyu, ba ya yarda kowa ya riƙe shi sai ni. Ya miƙo hannu.

"Amarya, zo ki kwashi kayanki."

Ban motsa ba. A ilimina na san riƙo na ɗan lokaci da wuya ya yi wani lahani. Ƙafafuna ne suka ƙi sauraron ilimin.

Na ga fuskarsa ta faɗi. Ya ɗauka fushin ne ya dawo. Ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "Na zo fa. Me kuma na yi?"

Na ce, "Nas ta ce..."

Ya kalli nas ɗin, ya kalle ni, ya kalli tazarar da ke tsakaninmu. Hannun da ya miƙa ya sauka a hankali. Baba ma ya gane, nan take ya ga wani abin sha'awa a jikin silin. Kaka ya fara tangaɗi, sai Baba ya taso ba tare da ya kalle shi ba, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatarsa. Tun da nake ban taɓa ganin jikinsu ya haɗu ba. Suka taho a hankali. Da suka zo daidai ni Kaka ya ja Baba suka manne da ɗaya bangon, iyakar nisan da barandar za ta bari, yana ɗaga mini hannu in ƙara matsawa. Ina ji yana gunaguni, "Ɓarawo ya gama da ni."

Washegari muka koma wurin likita, yanzu ina iya zama kusa da shi. Likitan ya buɗe hoton a kwamfuta, kuma kafin ya yi magana na riga na karanta. Maganin ya yi aikinsa, ya nemo su. Ga tabo a mazaunin ciwon, ga wasu a ƙasan baya, ga ɗaya a ƙugu. Ba su cika jiki ba, amma sun fita. Na sha ganin irin hoton nan a littattafai ina cewa kai, abin nan yana da kyau. Ranar ban ga kyansa ba.

Likitan bai yi rufa-rufa ba. Ya ce yanzu ya wuce a yanke a cire, amma ana iya danne shi, sau da yawa na lokaci mai tsawo. Akwai allurar da ke yanke wa ciwon abincinsa, za a fara da ita. Za a gasa wurin da ke ciwo a baya da radiyeshan. In wata rana allurar ta gaza, akwai ɗan'uwan maganin jiya, mai zafin, a ajiye shi sai ranar. Sannan ya lissafa abin da allurar ke jawowa: zufa, kasala, kuma ƙarfin da namiji ke taƙama da shi zai tafi. Baba kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Likita," in ji Kaka, "wannan ma'aikacin ya daɗe da yin ritaya."

Likitan ya yi dariya, sannan ya tambaya ko a fara yau.

Na jira in ji tuwon kasuwa, na jira in ji tukunya. Kaka bai kalli likitan ba. Ya juyo wajena, ya rage murya yadda Baba zai iya yin kamar bai ji ba.

"Yaushe ne?"

Na ce, "Wajen Kirsimeti."

Ya jinjina kai, yana lissafin watanni a ransa. Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Ke kin iya karanta abin nan. In na yarda da alluransu, zan gan shi?"

Amsar tana kan harshena, a shirye. In ce ai kai ran ƙarfe gare ka, sai ka binne mu duka. Da na faɗa da ya yi dariya, da kowa ya samu sauƙi. Na sake kallon tabon da ke ƙugu.

Na ce, "Ban sani ba, Kaka. Ina sa rai. Amma ban sani ba."

Idanunsa sun yi ja, nawa kuwa sun riga sun zubo.

"To," ya ce. "Yau na ji ki."

Ya tambayi likitan a ina ake yin allurar. Da aka gaya masa ya ja tsaki, ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, ya kama mazagin wandonsa. Ya ce a gaya wa mutumin Dogarawa ya fita da yarinyar nan waje.